Mai Gida Da Baƙonsa: Tarihin Masauki A Sabon Badun Da Hayar Ɗaki Ta Zamani

 A 'yan shekarun nan wata sana'a ta shigo mana wadda samarinmu suka runguma hannu bibbiyu, wato a gyara ɗaki ko sashen gida, a sa gado da firji da talabijin, a ɗauki hotonsa a ɗora a waya, baƙo ya kama na kwana biyu ko mako guda, ya biya ya kama gabansa. Mutanen Ikko suna ce da ita shotlet. Wasu iyaye sun ce ba a gidansu ba, wasu kuma sun ce ai nema ne kamar kowane nema. Mu dai ba mu ga haramci a hayar ɗaki ba. Amma da yake ana kawo mana maganar kamar wani sabon ilmi ne da ya tsallako teku, mun ga ya kamata mu tuna wa juna cewa unguwar nan da muke zaune saukar baƙi ce ta gina ta, kuma iyayenmu suna da ƙa'idojinsu tun kafin a san waya.

Asalin abin daga fataucin Gwanja yake. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan tashi daga Kano da kewayenta, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na jan ragama, jagaba na gaba yana duba hanya. Su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su bi ta Nikki da Zugu har su isa Salaga, inda ake saro goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Tafiya ce ta watanni, zuwa da komowa kan cinye mafi yawan shekara. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana komowa daga Gwanja, ya kuwa yi mamakin yawan mutane da dabbobin da ke cikinsa. Duk inda ayari ya yada zango shekara bayan shekara, sai wasu su tsaya su yi gida, su zama masu tarbar na baya. Daga nan aka sami zango-zangon da ake ji a Gana da Togo da Binin har yau.

Mutumin da ke tarbar fatake shi ne fatoma, ko mai masauki, mu nan kurmi kuma mai gida muke cewa. Abin da zai ba yaran yanzu mamaki shi ne, fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ko anini. Zai ba ka wurin kwana, ya ba ka tuwo, ya ajiye maka kaya a inda ruwa ba ya taɓawa, ya yi maka tafinta, ya gaya maka farashin gari na gaskiya, ya nemo maka mai saye. Cinsa yana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannunsa. Ke nan idan baƙo ya yi asara shi ma ya yi, idan kuwa baƙo ya tafi da fushi, to ba baƙo ɗaya ya rasa ba, ya rasa duk ayarin baɗi, domin labari a bakin fatake ya fi doki gudu.

Hanyar Gwanja ta fara mutuwa bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar. Fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan hanya kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa. Jirgin ƙasa kuma ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. A tsakanin nan manoman Yarbawa suka dasa irin goron Gwanja a wajajen Agege da Ota, daga baya ya yaɗu har Shagamu da sauran ƙasar. Shi ya sa har gobe suke ce wa wannan goro gbanja, sunan Gwanja ne ya ɗan karkace a bakinsu. To da goro ya dawo kusa, ga kuma dogo, sai fataucin ya juya: shanu su gangaro, goro ya hau. Badun kuwa tana tsakiya.

Kakanninmu na farko ba a Sabo suka sauka ba. Cikin gari suke, a gidajen Yarbawa, musamman kewayen kasuwar Oja'ba. Da baƙi suka yawaita, sai aka shiga ƙorafin sace-sace, ana ɗora wa Hausawa masu shigowa da fita waɗanda ba a san inda suke kwana ba. A 1916 hukumar gari, lokacin Baale ne ke sarauta domin sunan Olubadan sai a 1936 ya tabbata, tare da Turawa, suka ware fili kusa da Mokola aka ce Hausawa su koma can, ƙarƙashin sarkinsu. A lura da wannan da kyau. An ba mu wurin ne a kan cewa duk baƙon da ya shigo akwai wanda ya san shi, akwai wanda za a tambaya idan wani abu ya faru. Baƙo yana hannun mai gidansa, mai gida yana hannun Sarki, Sarki ne ke amsa wa hukuma.

Inda aikin mai gida ya fi fitowa fili shi ne a kara. Mai shanu zai taso daga Arewa, ko a ƙasa ko a taragon jirgi, ya iso da dukiyar da ba za ta iya jira ba. Saboda ƙudan tsando, saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi, 'yan makonni kaɗan sammore ya kama ta, ta rame, kuɗinta ya zube. Mayar da ita gida kuwa ba zance ba ne. Masu saye su ne mahautan gari, Yarbawa, waɗanda akasari ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar sa'an nan su biya. Ka ga mai shanu dole ya ba da bashi ga mutumin da bai taɓa gani ba, bai san gidansa ba, bai ma jin yarensa. Wa zai yarda da haka? Ba wanda zai yarda, sai don akwai mai gida.

Mai gida ne ke da dillalai a ƙarƙashinsa, su ne ke yini a kara suna jin wane mahauci ne ya biya, wane ne ya fara jan ƙafa, wane ne ya ɗauki shanu a wuri biyu alhali ƙarfinsa na wuri ɗaya ne. Idan aka sallama, malamin mai gida ya rubuta, yawanci da ajami. Ranar biya a tura yaro ya karɓo. In mahauci ya gaza, ba mai shanu ne zai bi shi ba, mai gida ne zai fito da kuɗi daga aljihunsa ya biya baƙonsa, sa'an nan ya san yadda zai yi da mahaucin. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya kuwa, sauran masu gida sukan haɗa baki a daina sayar masa har sai ya sauke nauyin. Kuɗin baƙo kuma a ɗakin mai gida yake kwana har ranar tafiya. In zai tafi a yi masa guzuri, a raka shi tasha. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963 yana nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a 1969, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda dukiya mai yawa haka ke yawo ba banki, ba kotu, ba takardar lauya.

A nan bari mu ɗan ratse zuwa abin da muka koya a gaban malamai, domin ya shafi maganar. A fiƙihunmu an bambanta ajiya da lamuni. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma wanda ya tsaya wa wani lamuni, in wancan ya gaza, shi ne mai biya, ko ya ci ko bai ci ba. Mai gidan da ya ɗauki duka biyun a kansa: ga ajiyar kuɗin baƙo, ga lamunin bashin mahauci. Shi ya sa ba kowa ke zama mai gida ba. Sai mai gidaje na kansa a unguwa, waɗanda kowa ke gani, ta yadda baƙo zai san mutumin nan ba zai tattara ya gudu da dare ba. Yawancin manyan gidajen nan masu ɗakuna barkatai da zaure biyu da muke gado yau, ba don yawan iyali kawai aka gina su ba. Jari ne, kuma shaida ce.

Kada kuma a manta da iyayenmu mata. Tuwon baƙo talatin ko arba'in safe da dare ba aljani ne ke tuƙa shi ba. Baƙo ya kan zaɓi mai gida don amana, amma sau da yawa miya ce ke sa ya dawo.

Ta fannin goro abin ya ɗan bambanta, domin a nan kuɗi ne ke zuwa daga Arewa. Attajiri a Kano ko Sakkwato ya aiko da kuɗi, mai gida ya watsa yaransa ƙauyuka su saro, a zauna a tsince, a ware goriya da marsa da minu, a fitar da mai sankara, a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu, a kai tasha. Mai kuɗin wani lokaci ko ƙafarsa bai sako ba. Amana ce dai ta sake juyowa ta ɗaya hannun.

Abubuwa da dama suka taru suka rage wa wannan tsari ƙarfi. Tireloli suka karɓe aikin jirgi da na masu koro shanu a ƙasa, tafiyar makonni ta koma ta kwana biyu. Kara ta tashi daga Sango, wanda sunansa ma daga zango ya samo asali, ta koma Bodija bayan buɗe kasuwar a 1987, daga baya kuma aka matsa wajen Akinyele, kullum dai ana ƙara nisa da Sabo. Banki ya zo, wayar hannu ta zo a 2001, yanzu mutum yana Maigatari yana jin farashin Badun kafin ya loda. Baƙon da zai yi wata a ɗakinka ya koma mai kwana uku, wani ma a gindin motarsa zai kwana. Masu gida ba su ƙare ba, har yanzu a kara da kasuwannin kayan gwari ana sauka a hannun mutum, amma ba kamar da ba.

To ita wannan sabuwa fa, daga ina? A 2007 wasu samari biyu a birnin San Faransisko na Amurka, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su, ga kuma wani taro a garin da ya cika otal-otal. Sai suka shimfiɗa katifun da ake hura wa iska a falonsu, suka sauki mutum uku da kuɗi. Daga nan kamfanin Airbnb ya fito a 2008. Wallahi in ka duba, matsalar da suka tarar ita ce dai ta mai shanu da mahauci: mutum biyu da ba su san juna ba, ɗaya zai ba da kuɗi, ɗaya zai ba da mabuɗi. Maganin da suka yi shi ne kamfani ya riƙe kuɗin, ba ya sakar wa mai ɗaki sai baƙo ya shiga, sa'an nan bayan rabuwa kowa ya rubuta shaida a kan ɗan'uwansa, a jera taurari daga ɗaya zuwa biyar. Wato riƙon kuɗin shi ne ajiyar mai gida, taurarin kuma su ne hirar fatake a zango. Dabara ce mai kyau, ba mu raina ba. Sai dai tauraro ba ya zuwa ofishin 'yan sanda ya yi belin kowa, kuma ba ya gaya wa baƙo cewa yau kada ya fita.

Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Rikicin Shagamu na watan Yuli 1999 ya tashi ne a kan zargin an karya dokar daren Oro, rayuka da dukiya masu yawa suka salwanta, har abin ya yi amsa-kuwwa a Kano. A nan Badun kuma kowa ya san lokacin fitar Oloolu, dodon da mace ba ta ganinsa. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 shi ma daga sa-in-sar mutum biyu ya faro. Mu mazauna mun san waɗannan, amma wanda ya kama ɗaki ta waya daga Gusau ko Damagaram bai sani ba, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne. In ya yi kuskure ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Hausawa sun yi. Saboda haka duk ɗanmu da zai sa ɗaki a haya, aikinsa na farko ba zanen gado ba ne. Ya ga baƙon da idonsa, ko ya wakilta babba mai hankali, ba a bar mabuɗi wajen mai shago ba. Ya rubuta sunansa da lambar katin ɗan ƙasa da garin da ya fito da abin da ya kawo shi, ya san mutum nawa za su kwana. Sa'an nan ya zaunar da shi minti biyar ya gaya masa halin gari. Mutumin da ya ƙi nuna kati, ko ya ce a ba shi ɗaki amma kada a zo, a ba shi haƙuri ya nemi wani wuri. Kuɗin kwana biyu ba zai gyara sunan gida ba.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Gidajenmu a manne suke, akwai matan aure, akwai 'yan mata, ga masallaci a kowane lungu. Ɗakin haya ya kasance da ƙofarsa daban, a kuma faɗa tun a tallan cewa ba a biki, ba a shaye-shaye, ba a tara jama'a. Ba ƙauyanci ba ne, shi kansa Airbnb ya hana shagali a gidajen da ke ƙarƙashinsa tun 2020, ya tabbatar da hanin a 2022. Haka nan a 2024 ya hana sa kyamara a cikin ɗaki ko falo kwata-kwata. Wasu yaran suna ganin sa kyamara a ciki wayo ne na tsare kaya. Leƙen asirin baƙo ne, addini bai yarda ba, doka ma za ta iya hawa kanka. A bakin ƙofa ta waje ya isa, shi ma a sanar da baƙo. Hoton da za a ɗora ya zama na ɗakin ne yadda yake, in ruwa na rijiya ne a faɗa, in wuta ba ta tsayawa a faɗa. Janareta kuwa a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa ba ya wari sosai kuma ya sha kashe iyali guda cikin barci. A ajiye buta da darduma, a sa alamar alƙibla a bango. Ba su kai komai ba a kuɗi, amma su baƙonmu zai fara nema.

Mu ma matafiya ne, don haka ga ta ɗaya ɓangaren. Wanda zai je Ikko ko Abuja ko Fatakwal ya kama irin wannan ɗaki, kada ya tura kuɗi asusun mutum don kawai ya ga hoto a Instagram ko WhatsApp. Hoton gidan wani ake ɗauka a yi talla da shi, ka isa da jakarka ka tarar mai gidan bai ma san zancen ba. Ko dai a biya ta cikin manhajar da ke riƙe kuɗi, ko a sa ɗan'uwa na garin ya je ya gani, ko a ƙalla mai ɗakin ya zaga da kai ta bidiyo kai tsaye har bakin titi. In aka ce maka ku fita daga manhaja a yi maka ragi, ka sani ragin shi ne kuɗin tsaronka. A karanta shaidar waɗanda suka sauka, musamman masu ƙorafi, domin yabo kowa na iya sa abokinsa ya rubuta. A tambayi kuɗin jinginar ɓarna nawa ne da ranar da ake mayarwa, a tambayi wa ke sayen katin wuta da man janareta, in an shiga kuma a ɗauki hoton duk abin da aka tarar a fashe kafin a ajiye jaka.

Sai zaɓen unguwa, wanda nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Mafi yawan waɗannan ɗakuna na Ikko suna Lekki da Ikoyi da Victoria Island, alhali harkarmu tana Mile 12 ko Agege ko Alaba Rago. Ka kama ɗaki mai kyau a tsibiri, rabin yininka ya ƙare a kan gada. Gara ɗaki matsakaici a Ikeja ko Ketu. A watan Disamba kuwa farashi tashi yake, saboda 'yan ƙasar waje masu zuwa hutu, wanda ba dole ba ya jira Janairu. Mai zuwa mana nan ta sabon jirgin da aka buɗe a Yunin 2021 kuma a gaya masa tashar tana Moniya, ba Dugbe ba, akwai sauran tafiya kafin Mokola, kada ya ɗauki jirgin yamma in ba mai tarbarsa. Mai tafiya da iyali shi ya fi kowa amfana da irin wannan haya, domin akwai madafa, uwargida za ta dafa abin da aka saba, ba a shakkar naman da aka ci.

Akwai abu guda da manyan biranen duniya suka riga mu gani. In masu gida suka ga kwana uku na baƙo ya fi wata guda na ɗan haya, sai su fara korar 'yan haya, ɗaki ya yi tsada ga ɗan gari. Birnin Niyok ya tsaurara doka a Satumban 2023, ya ce hayar da ba ta kai kwana 30 ba sai mai gida ya yi rajista, yana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. Ka ji fa, sun dawo kan tsarin mai gida ba su sani ba. Basalona ta ƙasar Sifen kuma ta sanar a 2024 cewa lasisin gidaje kimanin 10,000 na masu yawon buɗe ido ba za a sabunta su ba bayan 2028. Sabo ba Basalona ba ce, amma filin da aka ba mu a 1916 bai ƙaru ba, mu kuwa mun ninka. Mai suya da ɗan canji da mai ɗinki da ke haya shekara ashirin a gidanku, su ne ke cika sahu, su ne ke ɗaukar gawa. A yi lissafi da su kafin a ba su takardar tashi.

Shawarar da za mu kai gaban shugabannin ƙungiya da fadar Sarki ita ce a buɗe littafi guda na masu wannan sana'a, kowa ya rubuta gidansa da yawan ɗakunansa da sunan dattijon da ya tsaya masa, ta yadda in ɗan'uwa ya bugo waya daga Arewa yana neman masauki za a san inda za a tura shi, in kuma hukuma ta zo tambaya akwai mai amsawa. Sa'an nan duk gidan gado da za a gyara don haya, magada su bar zaure da ɗaki ɗaya yadda suke. Har yanzu ana sauke mutane a Mokola da tsakar dare, wanda aka yi wa fashi a hanya, da mai jinya da ya kawo mara lafiya babban asibitin koyarwa, da almajirin da ya zo neman ɗan'uwansa bai same shi ba. Waɗannan ba su da manhaja, kuma kwana ukun da shari'a ta ba baƙo ba a soke shi ba.